Wa Ke Da Kifin Teku? Yadda Rabon Kason Su Ke Kai Gwamnatin Afirka ta Kudu Gaban Kuliya

A ranar 18 ga Maris 2025, babbar kotu da ke Pretoria ta amince da wata yarjejeniya da ta hana jiragen kamun ƙananan kifayen sadin da ancobi yin su a kewayen wurare shida da fengwin, wasu tsuntsayen teku masu cin kifi, ke hayayyafa a gaɓar tekun Afirka ta Kudu, har tsawon shekara goma. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya tambaya, me ya haɗa alƙali da tsuntsu, kuma ina ruwansa da inda masunci zai jefa tarunsa? Ga mutanen gaɓar tekun ƙasar kuwa, wannan abu ne da suka saba gani. Fiye da shekara ashirin ke nan, da wuya gwamnati ta yi wani babban rabo na haƙƙin kamun kifi ba a kai ta kotu ba. Manyan kamfanoni sun kai ta, ƙananan masunta sun kai ta, ƙungiyoyin kare muhalli sun kai ta, akwai ma lokacin da ministar da ke kula da harkar kifi da kanta ta je kotu ta roƙi a soke aikin da ma'aikatarta ta yi.

Abin da ke rikita mutane shi ne sakamakon. Wani ya je kotu da ƙorafin da kowa ke ganin yana da gaskiya, ya dawo hannu rabbana. Wani ya yi nasara, amma shekaru su shuɗe bai ga ƙarin kifi ko ɗaya a kwale-kwalensa ba. Dalilin haka yana cikin irin tambayar da doka ta yarda alƙali ya yi, da wadda ta hana shi yi.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Dokar da ke tafiyar da harkar ita ce Dokar Albarkatun Teku ta 1998. A ƙarƙashinta akwai matakai uku, kuma kowanne ana iya yin shari'a a kansa.

Na farko shi ne jimillar kamu. A kowace kaka, minista ko jami'in da ya wakilta yana ƙayyade tan nawa za a iya ɗeba na wani nau'in kifi a duk faɗin ruwan ƙasar, bayan masana kimiyya na ma'aikatar sun ba da shawara. A wasu nau'o'in ba a auna tan, ana ƙayyade yawan jirage ko yawan mutanen da za su fita ne.

Na biyu shi ne haƙƙin su, wanda ake ba kamfani ko mutum ko ƙungiyar haɗin gwiwa. Wanda ya samu haƙƙi yakan samu kaso, wato wani yanki daga cikin ɗari na jimillar. Idan jimillar ta ragu, kasonsa a tan ya ragu ko da ba a taɓa shi ba. Dokar ta ce haƙƙi ba zai wuce shekara 15 ba, idan wa'adin ya cika sai ya koma hannun gwamnati a sake rabo. Wannan ƙa'ida ɗaya ita ce tushen yawancin shari'o'in, domin mutumin da ya sayi jirgi ya gina masana'anta ya ɗauki ma'aikata yana ganin kason tamkar gonar gado, doka kuwa tana kallonsa a matsayin aro.

Na uku shi ne takardar izini, wadda ake karɓa shekara-shekara, mai ɗauke da sharuɗɗa: wurin da za a yi su, irin kayan da za a yi amfani da su, girman kifin da ya halatta a ɗauka, da tashar da za a sauke kaya a auna.

Mai karatu daga ƙasar Kabi ba zai ga wani baƙon abu ba a batun rufe ruwa da buɗe shi. A Argungu, Matan Fada a tsare take har lokacin bikin su, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke kula da ita. Bambancin shi ne a Afirka ta Kudu mai rufewa da buɗewa jami'in gwamnati ne a ofis, abin da yake rabawa ya kai darajar maƙudan kuɗi, kuma tsarin mulki ya ɗora masa wajibcin faɗin dalili.

Inda rigimar ta samo asali

A zamanin wariyar launin fata, kaso mai tsoka yana hannun 'yan tsirarun kamfanoni na farar fata. Baƙar fata da sauran waɗanda mulkin ya danne su ne ma'aikatan jirage da masu feɗe kifi a masana'antu, ko kuma masu su a bakin gaɓa ba tare da wata takarda ba. Kifi mafi daraja shi ne hek, wanda a kasuwannin Najeriya aka fi sani da panla, kuma kamfanonin I&J da Sea Harvest ne suka daɗe suna riƙe da mafi yawan kasonsa na can cikin teku.

Da aka yi sauyin 1994, sai dokar 1998 ta ɗora wa minista nauyi da dama a lokaci guda. Ta ce ya kare albarkatun teku domin na baya, ta ce ya bunƙasa tattalin arziki ya samar da aikin yi, ta kuma ce ya sake fasalin sana'ar domin gyara rashin adalcin da aka gada, yana mai ba sababbin shiga kulawa ta musamman. Kowanne daga cikin waɗannan yana da kyau, amma sukan ci karo da juna. In aka rage kamu domin kifi ya farfaɗo, aiki ya ragu. In aka ƙwace daga tsohon kamfani aka ba sabo, ana iya rufe masana'antar da garin gaba ɗaya ya dogara da ita. In aka bar abin yadda yake, to kashin dankalin da aka gada yana nan, manya a kan ƙanana. Dokar ba ta faɗi wanne ne gaba da wanne ba, ta bar wa minista aunawa. Duk wanda ma'aunin bai yi masa daɗi ba yana da wani sashe na dokar da zai nuna ya ce an yi watsi da shi.

Abin da alƙali ke dubawa

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1996 ya ba kowa haƙƙin cewa duk matakin da hukuma za ta ɗauka a kansa ya zama bisa doka, bisa hankali, kuma an bi hanyar adalci. Wata doka ta shekarar 2000 ce ta zayyana yadda ake neman wannan haƙƙi. Wanda aka hana shi kaso yana iya neman a ba shi dalili a rubuce. Dole ne ya fara kai kukansa ga minista ta hanyar da dokar kifin ta tanada kafin ya nufi kotu, sannan yana da kwana 180 ya shigar da ƙara.

A nan ne akasarin mutane ke kuskuren fahimta. Irin wannan ƙara ba ta zama kamar ɗaukaka ƙara da aka saba ba, inda babbar kotu ke cewa ƙaramar kotu ta yi kuskure, ga hukuncin da ya dace. Alƙali ba ya tambayar ko shi ne minista da tan nawa zai bayar. Tambayoyinsa su ne: jami'in yana da hurumin yin abin da ya yi? Ya saurari waɗanda abin ya shafa? Ya duba abin da doka ta ce ya duba, ya kauce wa abin da bai shafi maganar ba? Akwai alaƙa ta hankali tsakanin bayanan da ke gabansa da matakin da ya ɗauka? Ko da alƙali ya ga an yi ba daidai ba, abin da ya saba yi shi ne ya soke matakin ya mayar da shi ga ma'aikatar ta sake. Sai a yanayi na musamman ne kawai yake maye gurbin matakin da nasa.

Bato Star da Foodcorp: ƙara biyu, sakamako biyu

Shari'ar da ɗaliban lauya a ƙasar ba sa wucewa ba su karanta ba ita ce ta kamfanin Bato Star, kamfani ne na sababbin shiga da ya nemi tan 12,000 na hek a rabon da ya fara aiki a 2002. Aka ba shi tan 856. Ya kai kuka ga minista, aka ƙara masa zuwa 873. Hanyar da ma'aikatar ta bi ita ce ta ɗauki abin da kowa ke da shi a shekarar da ta gabata, ta cire kashi 5 cikin 100 ta zuba a tukunya ɗaya, sannan ta sake raba shi gwargwadon makin da kowane kamfani ya ci, ciki har da makin sauya fasalin mallaka. Bato Star ya ce wannan ɗan tsakure ne, ba shi ne gyaran da doka ta yi umarni da shi ba.

Babbar kotu a Cape Town ta ba shi gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, sannan a watan Maris 2004 Kotun Tsarin Mulki ta kori ƙarar. Mai shari'a Kate O'Regan ce ta rubuta babban hukuncin. Ta yarda cewa gyara rashin adalcin baya wajibi ne a kan minista, amma ta ce doka ba ta tsara masa hanya guda ɗaya ta yin sa ba, kuma zaɓen tafiya sannu a sana'ar da ke cin jari mai yawa mataki ne da mai hankali zai iya ɗauka. Ta ce inda mataki ke bukatar auna muradu masu karo da juna, kuma wanda ya ɗauke shi yana da ƙwarewa a fannin, ya kamata kotu ta girmama shi. Ta ƙara da cewa wannan ba ya nufin kotu ta riƙa buga hatimi a kan duk abin da aka kawo mata. Mai shari'a Sandile Ngcobo ya rubuta nasa hukuncin na goyon baya, inda ya jaddada cewa sauya fasalin sana'ar yana cikin ƙashin bayan dokar. Duk da haka, Bato Star ya tafi da tan 873 ɗinsa.

A ƙarshen wannan shekarar kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba kamfanin Foodcorp gaskiya a kan rabon sadin. Ma'aikatar ta yi amfani da wani lissafi da masana suka tsara mata, lissafin ya fitar da sakamakon da ya rage wa Foodcorp kaso yayin da wasu kamfanoni biyu suka samu ƙari mai yawa, ba tare da wani dalili da za a iya nunawa ba. Kotu ta ce amfani da lissafi ba laifi ba ne, amma jami'i ba zai zuba alƙaluma a na'ura ya sa hannu a kan duk abin da ya fito ba tare da ya duba ko yana da ma'ana ba.

In aka jera su biyun, layin ya fito fili. Wanda ya ce manufar gwamnati ba ta yi nisa yadda ya kamata ba, da wuya ya ci. Wanda ya nuna cewa an yi aiki ido rufe, ko ba a iya kawo dalili, yana da dama.

Waɗanda ba a lissafa da su ba

Yayin da kamfanoni ke fafatawa a kan dubban tan, akwai mutanen da dokar 1998 ba ta ma san da zamansu ba. In ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo? Dokar ta san mai su don kasuwa, ta san mai su don nishaɗi, ta san mai su don cin abinci kawai. Masuncin da ya gaji sana'ar, wanda ke ci ya kuma sayar da saura, bai shiga ko ɗaya daidai ba.

A ƙauyukan gaɓar yamma irin su Paternoster da Lambert's Bay, irin wannan masunci yana fita da asuba a ƙaramin kwale-kwale, da wata 'yar koma da aka ɗaura a jikin zoben ƙarfe. Yakan ɗaura kan kifi a tsakiya, ya saki zoben da igiya har ƙasa tsakanin duwatsu, ya ɗan jira, sannan ya jawo da sauri kafin abin da ya hau ya tsere. Abin da yake nema shi ne lobsta, wata halitta mai ɓawo dangin jatan lande amma babba, wadda ake fitarwa da rai zuwa kasuwannin Asiya da tsada. Idan lokacinta ya wuce ya koma kamun wani kifi da ƙugiya. Rayuwarsa tana bin kakar kifi iri-iri, amma rabon dogon zango na 2005 an tsara shi ne nau'i-nau'i, da takardun nema masu sarƙaƙiya da kuɗin shiga, irin waɗanda kamfani mai akanta da lauya ke iya cikawa. Dubbai suka tashi ba su da komai, sana'ar iyayensu ta zama laifi.

Wasu masunta, da sunan Kenneth George a gaba, tare da ƙungiyar Masifundise mai tsaya wa ƙananan masunta da lauyoyin taimakon jama'a na Legal Resources Centre, suka kai ƙara Kotun Daidaito, suna cewa tsarin ya nuna musu wariya. A watan Mayun 2007 aka cimma yarjejeniya wadda kotu ta mayar umarni: gwamnati ta tsara sabuwar manufa da za ta shigar da ƙananan masunta, kafin nan kuma ta ba su izinin wucin gadi su samu na sawa a baki. Masu riƙe da haƙƙin lobsta na kasuwa sun ƙalubalanci wannan izini a kotu, suna cewa ana ɗiba daga abin da ya riga ya yi ƙaranci, amma ba su yi nasarar dakatar da shi ba.

Sai aka shiga jira. Manufar ta fito a 2012. Aka yi wa dokar gyara a 2014. Ƙa'idojin aiwatarwa suka fito a 2016. Ƙungiyoyin haɗin gwiwa na farko suka samu haƙƙinsu a 2018 a lardin Arewacin Cape. A lardin Yammacin Cape, inda ƙarar ta taso, aikin tantance wane ne ƙaramin masunci ya gurɓace har ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka nema ne aka amince da su. Ƙorafi ya yi yawa, aka bincika, sai minista Barbara Creecy ta je kotu da kanta, domin doka ba ta yarda jami'i ya goge matakin da ya riga ya kammala da hannunsa ba. A watan Agustan 2022 babbar kotu ta soke tantancewar, aka sake daga farko, sannan a ƙarshen 2023 aka ba ƙungiyoyi 62 haƙƙin shekara 15. Daga umarnin Kotun Daidaito zuwa wannan rana shekara 16 ne, kuma duk tsawon lokacin mutane suna rayuwa ne a kan izinin wucin gadi da ake sabuntawa kaka-kaka.

Akwai wata shari'ar da ta zo ta wata ƙofa. A gaɓar gabas, an ayyana yankin Dwesa-Cwebe a matsayin ruwan da aka haramta su a cikinsa a shekarar 2000. A 2010 aka kama wasu mutanen ƙauyen Hobeni, ciki har da David Gongqose, suna su a wurin. Ba su musanta ba. Suka ce kakanninsu a nan suke su, kuma suna da dokokin gargajiya da ke tsara wa zai kama, yaushe, da nawa. A watan Yunin 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke su, ta ce tsarin mulki ya amince da dokar gargajiya, kuma dokar 1998 yadda take a lokacin ba ta soke haƙƙinsu ba. Hukuncin bai ce kowa ya shiga ruwan da aka tsare ba. Ya ce in majalisa na son taɓa haƙƙin gargajiya, sai ta fito ta yi doka a kansa ƙarara.

Lokacin da ake shari'a a madadin kifin

Yawancin shari'o'in da aka ambata a kan rabo ne. A 2018 aka taɓa jimillar kanta. Lobstar gaɓar yamma ta ragu har ta koma kusan kashi 2 cikin 100 na yadda take kafin a fara kamunta don kasuwa, saboda kamu fiye da kima da kuma satar su da ta yi ƙamari. Masanan ma'aikatar suka ba da shawarar tan 790 a kakar 2017 zuwa 2018. Jami'ar da ke da alhakin yanke magana ta bar jimillar a tan 1,924, daidai da ta kakar da ta gabata, tana mai kafa hujja da halin da al'ummomin gaɓa za su shiga in aka rage.

Ƙungiyar kare muhalli ta WWF reshen Afirka ta Kudu ta kai ƙara. A watan Satumban 2018 mai shari'a Owen Rogers ya yanke cewa matakin ya saɓa wa doka da tsarin mulki. Bai ce shawarar masana wahayi ba ce, kuma bai ce haramun ne a duba talauci ba. Abin da ya gano shi ne ba a kawo wani ƙwaƙƙwaran bayani da zai nuna yadda aka auna halin jama'a har aka kai ga wannan adadi ba, kuma barin a ci gaba da ɗiba haka zai ƙarar da abin da su kansu talakawan za su dogara da shi gobe. Kafin hukuncin ya fito an riga an kamo abin da aka kamo, amma a kaka ta gaba aka sauko da jimillar zuwa tan 1,084.

Shari'ar fengwin ta bi wannan sawu. Tsuntsun ba ya tashi, iyo yake yi, kuma sadin da ancobi ne abincinsa, su ne kuma abin da jiragen taru ke nema. A watan Maris 2024 ƙungiyoyin kare tsuntsaye na BirdLife South Africa da SANCCOB suka kai minista ƙara, suna cewa iyakokin da aka shata a kewayen wuraren hayayyafarsa ba su isa su kare wuraren da tsuntsun ke kiwo ba. A watan Oktoban wannan shekara aka saka shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Kafin a zauna sauraron ƙarar, ƙungiyoyin da masu jiragen suka sasanta, gwamnati ta amince, kotu ta mayar da sulhun umarni. Wuraren shida sun haɗa da tsibirin Robben, inda aka tsare Nelson Mandela.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Tsofaffin kamfanoni suna cewa jirgin kamun hek da masana'antar sarrafa shi jari ne na shekaru, kuma banki ba zai ba da bashi ga wanda kasonsa ke iya zaftarewa dare ɗaya ba. Suna kuma nuna cewa mallakarsu ta sauya sosai tun 1994, baƙar fata sun shiga cikin masu hannun jari. Suna ƙorafi a kan masu kason takarda, wato waɗanda ake ba kaso ba su da jirgi, su juya su sayar wa babban kamfani damar kamawa su karɓi kuɗi suna zaune. Wannan matsala ce ta gaske, kuma manufofin ma'aikatar kansu sun ambace ta.

Sababbin shiga suna mayar da martani cewa in aka ba mutum kason da bai isa ya riƙe jirgi ba, dole ya jingina da mai jirgi, don haka ƙanƙantar rabon ce ke haifar da kason takarda. Ƙananan masunta kuma suna cewa an ba su haƙƙi amma kwandon da aka miƙa musu babu nauyi, domin nau'o'in kifi masu kuɗi suna hannun 'yan kasuwa, lobstar da suka fi dogara da ita kuma tana ƙarewa. Masu kare muhalli suna cewa duk wannan gardama a kan rabon abin da babu shi ne in aka ci gaba da ƙetare shawarar masana.

Ita ma ma'aikatar tana da nata. Gaba kura ce baya sayaki: duk matakin da ta ɗauka akwai mai kai ta kotu, kuma shari'a na cin kuɗi da lokacin jami'an da ya kamata su kasance suna aikin sa ido a teku. Sai dai tarihin shari'o'in ya nuna cewa inda ta rubuta dalilanta ta kuma bi ƙa'idar da ta gindaya wa kanta, kotu takan bar mata matakinta. Inda ta faɗi, galibi a kan aikin gaggawa ne ko rashin hujja a rubuce. Rabon ƙarshen Disamban 2013 misali ne: aka sanar da sakamako ana saura kwanaki kaɗan tsofaffin haƙƙoƙi su ƙare, masu kamu da ƙugiya da dama da suka shekara a sana'ar suka wayi gari ba su cikin jeri, binciken da ministar lokacin ta sa aka yi kuma ya gano kurakurai a yadda aka gudanar da aikin.

Yadda abin ke sauka a kan talaka

Wanda ya fi jin jiki a lokacin shari'a shi ne wanda sunansa ba ya cikin takardun ƙara. A watan Janairun 2017 kamfanin Viking ya samu umarnin wucin gadi da ya dakatar da sabon rabon hek na kusa da gaɓa, bayan an zaftare masa kaso. Su ya tsaya a wannan ɓangare tsawon watanni kafin kotu ta kori ƙarar a tsakiyar shekarar. Ma'aikacin jirgi da ake biya gwargwadon abin da aka kamo, da matar da ke aikin feɗe kifi a masana'anta, ba su da wanda zai biya su kwanakin da jirage suka yi a ɗaure. Su ma sababbin da aka ba kaso suna riƙe da takarda ne ba damar fita.

Sai batun kuɗin lauya. Babban kamfani yana iya bin shari'a daga babbar kotu har Kotun Tsarin Mulki. Masuncin ƙauye ba zai iya ba sai ya samu ƙungiyar da za ta tsaya masa, shi ya sa manyan nasarorin ƙananan masunta suka biyo ta hannun lauyoyin taimakon jama'a. Akwai sauƙi ɗaya: tun hukuncin da Kotun Tsarin Mulki ta yanke a shari'ar Biowatch a 2009, wanda ya kai gwamnati ƙara da gaskiya a kan haƙƙin tsarin mulki ya sha kaye, a bisa al'ada ba a ɗora masa kuɗin shari'ar gwamnati. Amma wa'adin kwana 180 da sharaɗin fara kai kuka ga minista suna nan, kuma wanda bai san da su ba yana iya rasa ƙararsa tun kafin a saurari ƙorafinsa.

Jinkiri yana da wata illar da ta fi waɗannan. Mutumin da aka hana takarda, ko aka bar shi yana jira shekara da shekaru, cikinsa ba ya jira. Wasu sukan koma su da dare su sayar wa dillalan ɓoye. Abin da aka ɗiba ta wannan hanya masana suna saka shi a lissafinsu, sai ya rage jimillar da za a ba masu takarda a kaka ta gaba, ciki har da ƙungiyoyin ƙananan masuntan da aka sha wahala kafin a kafa.

Rabon manyan ɓangarori tara, har da hek na can cikin teku, an sanar da sakamakonsa a ƙarshen Fabrairun 2022, bayan an ɗage shi daga 2020. Waɗanda suka kai kuka ga minista sun haura dubu ɗaya, wasu kuma suka wuce kotu bayan an amsa musu. Haƙƙin hek da aka bayar a wannan zagaye na shekara 15 ne, haka ma na ƙungiyoyin ƙananan masunta 62 na Yammacin Cape, don haka duka biyun za su koma hannun gwamnati ne a ƙarshen shekarun 2030, 'yan shekaru bayan cikar wa'adin shekara goma da aka ɗiba wa fengwin.